Fuskar da Ba a Rufe Ba

Ɗakina yana kusa da famfo, saboda haka duk abin da ake yi a tsakar gidan nan a kan idona ake yi, ko ina so ko ba na so. Ni 'yar haya ce, aikina shara da goge-goge a asibiti. Abin da zan faɗa na gani da idona. Da can idan na tuna raina ɓaci yake yi, yanzu kuwa jikina ne kawai yake mutuwa.

Mai gidan, wanda kowa yake kira Baba, tsohon direban babbar mota ne, 'ya'yansa maza biyu. Babban shi ne Gatari. Titi ne ya raɗa masa sunan, kuma ba a banza ya same shi ba. Ya yi daba har ya gaji, yanzu ya tuba, yana da wurin wankin mota da mata da jaririya. Ƙaramin kuwa Tela muke ce masa, don ɗinki yake yi a shagon wani. Irin mutanen nan ne da idan kaza ta shiga ɗakinsu sai su tsaya suna ba ta haƙuri ta fita. Baba bai taɓa yafe masa wannan sanyin ba.

Masu fim sun zo da hantsi, wata mata mai gilashi da tattausar murya, da wani dogo mai kyamara. Suka ce fim na gaskiya suke yi a kan 'yan daba, babu wasan kwaikwayo, mutanen da suka yi abin su ne za su faɗa da bakinsu. Aka shimfiɗa musu tabarma. Gatari ya zauna yana karkaɗa ƙafa.

"Zan yi magana," in ji shi, "amma a rufe fuskata. Muryar ma a canza ta."

"Dama haka muke yi," in ji matar. "Duk wanda ya taɓa yin wani abu muna dusashe fuskarsa. Amana ce."

Sai ta kawo matsalarta. Ta ce masu kallo ba za su jure kallon dusasshiyar fuska tun daga farko har ƙarshe ba, gajiya za su yi. Tana neman wani matashi wanda babu laifin komai a kansa, ya riƙa kwatanta abin da ake faɗa, a ɗora hotonsa a kan maganar. A daidai lokacin Tela ya shigo da yadin wani a kafaɗa, ya zo ɗaukar dutsen guga.

"Ga shi nan," in ji Baba.

Tela ya tsaya. "Baba, ni ban iya ba."

"Me ka iya dama, ban da zare da allura? Yau ɗaya dai ka riƙe ƙarfe kamar namiji, mu gani."

Tela ya dubi matar. "To ni ma za a rufe fuskar?"

Ta yi murmushi. "Kai da ba ka yi komai ba, me za ka ɓoye? Za mu rubuta cewa kwatance ne."

Kowa ya yi dariya, har Mama da take leƙe daga ƙofar kicin. Maganar ta yi kama da hankali, shi ya sa babu wanda ya tsaya ya juya ta.

Gatari da kansa ya shirya shi. Ya ɗauko tsohuwar addarsa daga ƙarƙashin gado, wadda ya rantse ya jefar, ya ɗaura wa ƙanin tsumma a ka, ya nuna masa yadda ake tafiya da kafaɗa. Aka sa shi ya wasa addar a dutsen da ke bakin famfona. Aka sa shi ya bi lungu ya dawo, ya sake bi ya sake dawowa. Duk lokacin da ya riƙe addar sai ya riƙe ta kamar almakashi, Baba ya yi tsaki, a sake. Rana ta take, gumi ya jiƙa shi, idanunsa suka yi ja. Mai kyamara ya gaji ya ce, "Bar komai. Kalle ni kawai." Tela ya ɗago ya kalle shi, kallon mutumin da yake so a sallame shi ya koma bakin aiki. Matar ta tafa ta ce an samu.

An daɗe kafin fim ɗin ya fito, har mun manta. Wata safiya ina asibiti abokiyar aikina ta miƙo min waya ta ce, "Wannan ba ɗan gidanku ba ne?" Guntu ne wani ya yanko yana yawo da shi. Ga Tela yana wasa adda, ga shi ya ɗago jajayen idanun nan, kuma wata murya mai kauri, wadda na san ta Gatari ce aka canza, tana cewa: "Na same shi a bakin shagonsa yana auna hatsi. Ban san shi ba. Unguwarsu kawai na sani. Na sare hannun, na ga ya faɗi a cikin buhu." Rubutun da aka ce za a yi yana can farkon fim ɗin, ƙanana, wanda ya yanko guntun bai ɗauko shi ba. A duk fim ɗin mutanen da suka yi sara da suka fuskokinsu kamar ta bayan gilashin banɗaki ake ganin su. Fuska ɗaya ce tak a fili, ta wanda bai taɓa marin kowa ba.

Da na dawo gida na tarar da Baba a ƙofar gida da abokan hirarsa, yana nuna musu a waya.

"Ku duba idon nan! Jinina ne ai. Yana nan a ciki, ɓoyewa kawai yake yi."

Abin bai zo a rana ɗaya ba. Da farko mata ne suka daina kawo ɗinki. Sai masu kaya a shagon suka fara aiko a karɓo musu yadinsu, ko an yanka ko ba a yanka ba. Wata ta ce ita ba za ta tsaya wannan mutumin ya auna ta ba, da tef a wuyansa da almakashi a hannu. Daga nan maigidansa, mai shagon, ya kira shi gefe.

"Na san ba kai ba ne," in ji shi. "Wallahi na sani. Amma shago na mutane ne, kuma mutane sun gani da idonsu. Ka ɗan zauna a gida abin ya lafa."

Keken ɗinkin na mai shagon ne. Tela ya dawo da tef ɗinsa da allinsa da almakashi a leda, ya ajiye a taga.

Sai 'yan babur suka fara wucewa ta layinmu a hankali, su biyu-biyu, suna kallon ƙofar gidan. Mai hatsin da aka sare wa hannu yana raye, kuma yana da 'yan'uwa. Ranar da abin ya faru taro ne ya afka wa layinsu, kowa da tsumma a fuska, ba su taɓa sanin wanda ya yi ba. Yanzu an kawo musu fuska har cikin wayarsu, da bayanin buhun da hannun ya faɗa.

Tela ya samu Baba yana shan shayi da safe, ya durƙusa a gabansa. Ina bakin famfo ina wanke-wanke.

"Baba, a faɗa musu ba ni ba ne."

"A ce wane ne?"

Tela ya kalli ƙofar ɗakin yayansa.

"Ka gani? Kana so in fita in ce ɗana babba ne? Mutumin da ya tuba, da matarsa da jaririyarsa? Idan suka taɓa shi wa zai riƙe iyalinsa? Kai fa?" Ya kurɓi shayi. "Kai ba ka da kowa a wuyanka. Kuma babu abin da za su yi, barazana ce. Da ka saba da maza da ka san barazana in ka gan ta."

"To a ce kwatance ne kawai, ba sai an faɗi suna ba."

"In aka ce kwatance ne, sai su ce muryar wa? Gidan nan maza nawa ne? Kai ba ka tunani?"

Baba yana tunani, wannan kam ba a hana shi ba. Ya auna 'ya'yansa biyu tsaf ya ga wanda ya fi sauƙin bayarwa.

Gatari ya fi shi taushin baki. Da yamma ya zo ya zauna kusa da ƙanin, ya dafa kafaɗarsa.

"Ƙanina, kada ka damu, ina nan. Duk wanda ya taɓa ka ni ya taɓa. Ka ba ni lokaci in san yadda zan yi." Ya zaro wata 'yar wuƙa ya tura masa a aljihu. "Riƙe wannan. Ko ba ka yi amfani da ita ba, za ka ji ƙarfi."

Da ya tashi, Tela ya ciro wuƙar ya ajiye a taga kusa da ledar almakashi. Lokacin da Gatari ya nema kuwa ba ya ƙarewa. Kullum da safe yana fita wankin mota, yana dawowa da yamma ya ɗauki 'yarsa yana mata wasa. Tsofaffin yaransa na daba in sun ga Tela ta ƙofa sai su ɗaga masa hannu suna dariya, suna ce masa oga.

Ni na ba Tela wayata ya kira matar fim ɗin. Na ji muryarta, tattausa kamar ranar farko. Ta ce abin ya dame ta ƙwarai. Ta ce su sun rubuta, ba su suka yanke guntun ba. Ta ce ba za su iya bayyana mai muryar ba, domin sun yi masa alkawari, kuma in suka karya babu wanda zai sake yarda ya yi musu magana. Ta ce abin da za su iya shi ne su dusashe fuskarsa a nasu fim ɗin daga yanzu.

"Na wayoyin mutane fa?" in ji Tela.

Ta ce wannan ya fi ƙarfinsu. Ya yi mata godiya. Wallahi godiya ya yi mata, ya miƙo min wayar.

Daga nan ya daina roƙon kowa. Yana tashi ya zauna a kan bokitin da aka kife kusa da famfo, ya wuni. Wani lokaci ya ɗauko allurar hannu ya yi ta gyaran abin da bai lalace ba, ya farke kalmasar zanin gadon Mama ya sake ɗinke ta. Ya ɗinke min aljihun rigar aikina ba tare da na ce ba. In babur ya wuce a waje allurar tana tsayawa, in ƙarar ta yi nisa ta ci gaba. Abinci sai Mama ta ajiye ta dawo ta ɗauke. Ba ya kuka, ba ya fushi. In ka yi masa magana sai ya ɗan jima kafin ya juyo.

Na tare Mama wata rana tana tara ruwa.

"Mama, yaron nan ƙarewa yake yi a gabanki."

"Ina gani, 'yata."

"To ki yi magana mana. Ko ku tura shi wani wuri."

"Na ce a tura shi wurin ƙanwata, babansa ya ce gudu shi ne amsa laifi." Ta gyara bokitin. "Duka biyun ni na haife su. In na buɗe baki na ceci wannan, na kashe wancan. Shi wannan mai haƙuri ne, Allah ba zai bar shi ba."

Haƙurinsa ya zama dalilin da ya sa za a ci gaba da ɗora masa. Na ce mata haka. Ta ce ni ban haihu ba, ba zan gane ba, ta ɗauki ruwanta.

Zaman Tela a gida ne ya fara ƙona wa Baba rai. Abokan hirarsa sun fara tambaya ina jarumin fim, ko ya shiga kulle ne. Ran nan da rana tsaka, ina shirin fita aiki, ya fito ya tarar da Tela a kan bokitinsa. Matar Gatari ta zuba abincin mijinta a kwano tana neman wanda zai kai masa wurin wankin mota.

"Ba shi ya kai," in ji Baba.

Matar ta yi turus. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, da ka bari..."

"Bari me? Ƙato kamar wannan yana zaune cikin mata yana ɗinke zanin gado! Duk gari ana min dariya. Rana ce fa tsaka, titi cike da mutane. In suka ga kana fita ba ka tsoro, su da kansu za su ja da baya. Tashi."

Tela ya soke allurar a jikin zanin, ya naɗe shi, ya tashi ya karɓi kwanon. Bai kalli taga ba. Tare muka fita, ni na yi hagu wurin hawa motar zuwa asibiti, shi ya yi dama. Na ce masa ya bi ta babban titi. Ya ce to, Anti.

Ina goge barandar ɗakin gaggawa aka shigo da shi. Wani mai kayan miya ne ya ɗauko shi. Ya ce mutum uku ne suka tare shi, ba su yi wata magana mai tsawo ba, sun tambaye shi ko shi ne na fim, shi kuma bai ce e ba bai ce a'a ba. Suka danne masa hannu a kan dakalin wani shago suka sara. Mutane suna kallo, wasu har suna ɗauka a waya. Hannun dama ne. Likitoci sun yi abin da za su iya, amma babban yatsa da manuni sun tafi, sauran kuma an ce da wuya su sake lanƙwasa. Ni na goge jinin daga baranda, aikina ne.

Washegari 'yan sanda biyu suka zo, babba da ƙarami. Su ma sun ga guntun fim ɗin, kuma ƙarar mai hatsi tana wurinsu tun tuni babu wanda aka kama. Iyalin duk suna bakin gadon: Baba a tsaye da hannu a baya, Mama a kujera da kwanon abinci a cinya, Gatari a jikin bango ya rungume jaririyarsa. Ban taɓa ganin ya zo da ita ko'ina ba sai ranar.

Babban ɗan sandan ya fara da Baba. "Kai ne mahaifinsa? Ka san yana wannan harkar?"

Baba ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya. "Ranka ya daɗe, yaran yanzu sai addu'a. Mun yi faɗan, mun yi nasihar. Ga yayansa nan, har shi ya yi ta ja masa kunne."

Na ajiye sandar goge-gogen. "Ƙarya ne," na ce. "Ba shi ba ne. A gabana aka ɗauki fim ɗin, kwatance aka sa shi. Ko riƙe addar bai iya ba."

Ɗan sandan ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke wace ce tasa?"

"A gidansu nake haya."

"To, mai haya, ga ubansa ga uwarsa. Bari mu ji daga bakinsa." Ya matsa kusa da gadon. "Kai, saurayi. Muryar da ke cikin fim ɗin nan, da ta ce ta sare hannun mai hatsi, taka ce ko ba taka ba ce? In ba taka ba ce, ta wace ce?"

Tela ya kalli silin. Sannan ya juyo da kai a hankali ya kalli Baba, ya kalli Mama, wadda idonta yake kan murfin kwano. Ya kalli yayansa. Gatari ya gyara wa jaririyar hula, ya juyo da fuskarta wajen gadon.

"Tawa ce," in ji Tela.

"Ka tabbata?"

"Ni ne."

Ban ji komai a muryarsa ba, kamar yana faɗa wa mai kaya ranar da zai zo ya karɓi ɗinki. Na sake buɗe baki, ƙaramin ɗan sandan ya ce, "Shi da bakinsa ya amsa, Hajiya. Ki yi aikinki." Ya ciro ankwa ya tsaya yana duban hannun da aka naɗe da bandeji, bai ga inda zai maƙala ta ba. Sai ya zagaya ɗaya gefen ya ɗaure na hagun a ƙarfen gado.

Mama ta buɗe kwanon. Hannu ɗaya a naɗe, ɗaya a ɗaure, saboda haka ita ta riƙa ba shi a baki da cokali, yana buɗewa yana haɗiyewa. Gatari ya ce zai mayar da yarinyar gida, warin magani ba ya yi mata kyau. Ya ce, "Ƙanina, ina nan," ya fita.

Na ɗauki bokitina na fito baranda. Baba yana can a kan benci, wani abokin hirarsa ya zo dubiya ya zauna kusa da shi. Na zo gogewa ta gabansu, suka ɗaga ƙafafu don in wuce.

"Ko ƙwalla bai yi ba," Baba yake ce masa. "Hukuma a kansa, hannu a sare, ya dubi idonsu ya ce ni ne. Ban taɓa zaton yana da wannan zuciyar ba." Ya girgiza kai cikin alfahari. "Ashe dai na haifi namiji."

Abokin ya ce Allah Ya ƙara sauƙi. Suka sauke ƙafafunsu a inda na goge.